Shatar Jif ta Yini Ɗaya a Da Nang: Tambayoyi da Amsoshi Kan Duwatsun Bakin Teku, Kogwanni da Wuraren Bauta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu shirin ɗaukar shatar jif domin zagaya duwatsun da ke kewaye da Da Nang, a tsakiyar ƙasar Biyetnam. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa ga ƙananan abubuwan da kan ɓata wa mutum yini.

Wace irin tafiya ce, kuma ina da ina ake zuwa?

Mota ce kake ɗauka da direbanta, wani lokaci har da ɗan jagora, daga safe zuwa yamma, ba a haɗa ka da kowa. Wurare uku ne ginshiƙin tafiyar. Akwai Ngu Hanh Son, wato Duwatsun Mabul, kimanin kilomita 9 kudu da tsakiyar gari, inda kogwanni da tsofaffin wuraren bautar mabiya Buda suke. Akwai zirin Son Tra a arewa maso gabas, dutse mai kurmi da ya kutsa cikin teku. Sai hawan Hai Van a arewa, a kan iyakar Da Nang da birnin Hue. Masu dogon zango kan gangara ta ɗaya gefen su ci abinci a garin Lang Co da ke bakin teku, su leƙa tafkin Lap An.

Idan aka haɗa duka, tafiyar ta haura kilomita 100, tana cin kimanin awa 10. Wanda ya sauka a garin Hoi An, kilomita 30 kudu da Da Nang, ya ƙara wa kansa kamar awa ɗaya da rabi na zuwa da dawowa, sai dai Duwatsun Mabul a kan hanyarsa suke.

Da gaske ana barin kwalta a shiga daji?

Kaɗan ne ƙwarai, ko da me aka rubuta a talla. Hawan Hai Van kwalta ce daga ƙasa har sama, domin tsohuwar babbar hanyar ƙasar ce ta kudu zuwa arewa. Hanyoyin Son Tra kuwa na kankare da kwalta ne, matsattsu, masu tsananin hawa. Turɓaya ko laka sai dai 'yan kilomitoci a tsakanin gonakin shinkafa ko a gefen tafki, idan kamfanin ya sa su a cikin tsarinsa. Son Tra gandun daji ne mai kariya, akwai kuma wuraren soja a cikinsa, saboda haka direban da ya ce zai sauka daga hanya a can domin ya burge ka, rigima yake jawo maka.

Amfanin jif a nan shi ne buɗaɗɗen sama, da ƙarfin ƙaramar giya a kan hawa, da damar tsayawa inda babbar bas ba ta iya tsayawa. In kuwa hanyar ƙasa ce ta kawo ka, ka nemi a faɗa maka sunan wurin da minti nawa za a yi a kanta kafin ka biya kafin alƙalami.

Wace irin mota ce, kuma me zan duba a jikinta?

Yawancinsu tsofaffin motocin soja ne da aka gyara: M151 ta Amurka, wadda ta rage tun zamanin yaƙin Biyetnam, da UAZ ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Wasu kamfanonin suna da sababbin motoci masu buɗaɗɗen sama. Tsohuwar jif fasinja 3 take ɗauka cikin walwala ban da direba, kuma idan ɗan jagora zai shiga, ya ci kujera ɗaya. Iyali mai mutum 6 mota biyu ke nan, kada a yarda a cusa ku a ɗaya. Babu na'urar sanyaya wuri, kujerun baya suna da tauri, ƙarar inji kuma takan sa sai an ɗaga murya.

Kafin a tashi, minti biyar sun isa ka duba abu biyar: zanen taya huɗun bai suɗe ba, akwai safayar taya mai iska da jak, akwai bel a kowace kujera kuma yana kamawa, akwai tamfol na rufi da na gefe, sannan direba ya taka birki a gabanka a ƙofar masauki. Birkin ne ya fi komai muhimmanci, dalilin yana cikin amsar da ta shafi Hai Van. Ba a ba baƙo tuƙi, kuma lasisinka na gida shi kaɗai ba ya aiki a can.

Me ya sa zan biya shata alhali akwai bas ta ayari mai araha?

Saboda lokaci da zaɓi. Bas ta ayari tana da agogonta, tana sauke mutane a Duwatsun Mabul daidai lokacin da sauran bas-bas suka iso, kuma sau da yawa tana tsayawa a shagon sassaƙa ko ba ka so. A shata kai ke cewa a tashi da 7, a tsallake wancan, a tsaya salla a nan. Ga mai tsofaffi ko yara, ko wanda ba ya son shiga ɗakunan bauta, wannan kaɗai ya biya bambancin kuɗin. Mutum ɗaya tilo da ba shi da wata buƙata ta musamman, bas ta ishe shi.

Da wanne ya kamata a fara?

A nan ake samun saɓani, domin kowane wuri yana da lokacin da ya fi kyau, kuma lokutan suna karo da juna. Duwatsun Mabul sun fi daɗin hawa da 7 na safe, lokacin da ake buɗe ƙofa, kafin zafi da cunkoso. Amma hasken rana da ke saukowa ta rufin kogon Huyen Khong sai wajen hantsi zuwa tsakar rana yake fitowa sosai. Biran Son Tra da sassafe ko da la'asar ake ganinsu. Hai Van kuma hazo kan rufe shi ba tare da sallama ba.

Tsarin da ya fi yi wa yawancin mutane daidai shi ne: Duwatsun Mabul daga 7 zuwa 9 da rabi, a wuce Hai Van a isa sama kafin tsakar rana, a ci abinci a Lang Co, a dawo ta hanyar da aka huda ta ƙarƙashin dutsen Hai Van, a ƙare da Son Tra daga 3 zuwa 5. An sadaukar da hasken kogo ke nan, an samu sanyin safiya da birai. Mai ɗaukar hoto da hasken nan ya kawo shi sai ya juya: Son Tra da sassafe, kogo wajen 11, ya haƙura da zafi da jama'a, ya kuma cire Lang Co. Ba a barin Son Tra zuwa magariba, domin ana rufe hanyoyin sama kafin duhu.

Yaya hawan Duwatsun Mabul yake?

Duwatsu biyar ne na mabul da farar ƙasa, kowanne da sunansa: Kim ƙarfe, Moc itace, Thuy ruwa, Hoa wuta, Tho ƙasa. Sarki Minh Mang na daular Nguyen, wanda ya ziyarci wurin a ƙarni na 19, shi ake danganta wa wannan suna. Thuy Son, wato dutsen ruwa, ne mafi girma, kuma shi ake hawa. Babbar matakalarsa tana da taki 156. Akwai lif mai gilashi, amma kada ya ruɗe ka: tsakiyar dutsen kawai yake kai mutum, kusa da hasumiyar Xa Loi, daga nan kuma duk inda za ka sai da matakala.

Matakalar ta mabul ce, ƙafafu sun goge ta ta yi sulɓi, tsayin takin kuma ba ɗaya ba ne. Da an ɗan yi yayyafi sai ta zama abin tsoro, musamman wajen saukowa. Takalmi mai kama ƙasa ake sawa, ban da silifas da takalmin fata mai santsin tafi. Shawararmu ita ce a hau da lif a sauko da ƙafa ga mai lafiyar gwiwa, mai ciwon gwiwa kuwa ya sayi tikitin lif na hawa da na sauka. Ka ware awa 2 zuwa 2 da rabi.

Wane kogo ne ya cancanci wahala, wanne za a iya bari?

Huyen Khong ba a barin sa. Ana gangarawa ta matakala mai duhu a faɗa wani babban ɗaki mai dogon rufi da ramuka a sama, akwai mutum-mutumin Buda a jikin bango da ƙananan wuraren bauta a gefe. A lokacin yaƙi mayaƙan Biyetnam sun yi amfani da shi a matsayin asibiti. Tang Chon yana bayan ɗakin bautar Linh Ung, ƙarami ne, shigarsa ba wuya. A jikin bangayen kogwannin akwai rubuce-rubucen da aka sassaƙa tun ƙarnoni da suka wuce, waɗanda aka sa a kundin tarihi na UNESCO na yankin Asiya da Fasifik a 2022. Ba a taɓa su.

Van Thong daban yake. A ƙarshensa akwai wani matsattsen rami da ake hawa da hannu da ƙafa a ɓulla a saman dutse. Kallon teku daga can yana da kyau, amma mai jiki, mai doguwar riga, da wanda matsatsi ke tayar wa hankali su tsaya a bakinsa. Am Phu yana gindin dutsen, tikitinsa daban, an ƙawata shi da siffofin azabar lahira bisa fahimtar mabiya Buda, da jan haske da gumaka masu ban tsoro. Yara ƙanana kan firgita. In lokaci ya ƙure, shi ne na farkon cirewa.

Ni Musulmi ne. Dole sai na shiga wuraren bautar?

Ba dole. Babu mai tilasta maka rusunawa, kunna turaren tsinke ko ba da sadaka, kuma ɗakunan bauta irin su Tam Thai da Linh Ung ana iya wucewa ta farfajiyarsu ba tare da an shiga ba. Abin da ya kamata ka sani tun daga gida shi ne, a Duwatsun Mabul ba a raba kogo da gunki: Huyen Khong da Tang Chon su kansu wuraren bauta ne, mutane na ibada a ciki. Wanda bai natsu da shiga ba yana da wuraren hange biyu a saman Thuy Son, ɗaya na kallon teku ɗaya na kallon kogi, ko ya rage lokacin nan ya ƙara wa Son Tra da Hai Van, waɗanda daji ne da dutse da teku. Hukuncin shiga kuwa na malaminka ne, ka tambaye shi kafin tafiya. Ka gaya wa kamfanin matsayinka a rubuce, don kada ɗan jagora ya yi ta jan ka ɗaki bayan ɗaki.

Za ka iya haɗuwa da masu miƙo turaren tsinke kamar kyauta, daga baya su nemi kuɗi. Girgiza kai da murmushi ya wadatar.

Wace sutura ta dace?

Wadda ta rufe kafaɗa da gwiwa, ga maza da mata. A ƙofar ɗakin bauta ana cire takalmi da hular rana. Hijabi ba matsala ba ne ko kaɗan, sai dai a buɗaɗɗiyar mota iska na fizgar mayafi, a ɗaure shi da kyau, kuma doguwar abaya tana harɗe ƙafa a matakala. Riga mai tsayi zuwa gwiwa da wando sun fi. A jaka a sa ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, tabarau, man kare fata daga rana, rigar ruwa mara nauyi, da 'yar rigar sanyi saboda saman Hai Van daga Disamba zuwa Fabrairu.

Me ake gani a Son Tra, kuma gaskiya ne birai na ƙwace kaya?

Zangon farko shi ne Linh Ung na Bai But, inda farin mutum-mutumin Quan Am, wadda mabiya Buda ke ɗauka uwar jinƙai, mai tsayin mita 67 yake fuskantar teku, an kammala shi a 2010. A lura, wuraren bauta uku ne ke amsa sunan Linh Ung a Da Nang: na Duwatsun Mabul, na Son Tra, da na dutsen Ba Na. Ka tabbatar wanne ke cikin tsarinka. Daga nan hanya na hawa zuwa ƙololuwar Ban Co, kusan mita 700 sama da teku, inda ake ganin gari da gaɓar teku gaba ɗaya idan gajimare bai sauko ba. Tun 2019 aka hana babura masu canja giya da kansu bin wasu hanyoyin sama saboda yawan haɗari, wannan ya nuna maka irin gangaren. Inda ka ga alamar soja ko manyan ƙwallayen na'urar hango jirage, ka ajiye kyamara. Jirgi mara matuƙi kuwa sai da izinin hukuma.

Birai iri biyu ne. Mai jan ƙafa, wanda ake zuwa nema, ganye yake ci a saman bishiya, yana da kunya, kuma yana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa a duniya. Sai an kashe inji an yi shiru ake ganinsa, kuma babu kamfanin da zai iya lamunce maka ganinsa. Masu ƙwacen su ne ƙananan biran da ke zama a bakin hanya da kewayen Linh Ung. Leda a hannu ita ce ke kiran su. An hana ba su abinci. In biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda allurar rigakafin cutar haukan kare.

Hawan Hai Van yana da haɗari?

Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san irin abin, sai dai wannan ya fi tsawo kuma teku ce a gefensa. Kimanin kilomita 21 ne, ƙololuwarsa kusan mita 500, da kwanoni masu kaifi. Tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse mai kilomita 6.28 a 2005, yawancin motoci sun koma can, amma tankokin mai da babura har yanzu ta sama suke bi, kuma a kwana ake karo da su. A sama akwai ƙofar Hai Van Quan, wadda aka gina a 1826 zamanin Minh Mang, aka kuma gyara ta a 'yan shekarun nan, ga ragowar ramukan tsaro na zamanin Faransa da Amurka a gefenta. Minti 30 zuwa 40 sun isa.

Haɗarin a gangara yake. Direban kirki da ƙaramar giya yake sauka, inji na riƙe mota, birki sai taɓawa. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Idan ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga yana taka birki sau biyu sau uku kafin ya kama, ka ce a tsaya a wuri mai faɗi a jira ya huce. Kada a tsaya hoto a kan kwana, kada kowa ya miƙe tsaye mota na tafiya. A dawowa ta ƙarƙashin dutse ana rage fiye da rabin awa, amma a buɗaɗɗiyar mota hayaƙi da ƙara suna da yawa, takunkumin fuska zai yi amfani.

Wane wata ya fi dacewa?

Fabrairu zuwa Afrilu: ruwa ya ɗauke, zafi bai kankama ba. Daga Mayu zuwa Agusta sama garau take, amma zafi kan haura digiri 35, saboda haka a tashi da wuri kamar yadda aka tsara a amsar da ta gabata kan jerin wurare. Satumba zuwa Disamba damina ce, Oktoba da Nuwamba kuma su ne na guguwar teku, ambaliya da zaftarewar ƙasa, har akan rufe Son Tra da Hai Van. A guji makon sabuwar shekarar Tet, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, da bikin Quan The Am da ake yi a Duwatsun Mabul wajen 19 ga wata na biyu na kalandarsu ta wata, sai fa in cunkoson ne kake son gani.

Abinci da salla fa?

Abincin da aka saba haɗawa a tsarin tafiya, irin su taliyar mi Quang da wainar banh xeo, galibi da naman alade ake yi, ko romonsa ko kitsensa, ko da ba a ga tsoka a kwano ba. Cewa a cire naman bai wadatar ba. Mafita uku ce: a ci kifi, jatan lande ko kawa gasassu a Lang Co tare da farar shinkafa, a nemi gidan abinci mai alamar "chay", wato na marasa cin nama, ko a yi guzuri daga gidajen abincin halal na Indiyawa da 'yan Malesiya da ke unguwar bakin tekun My Khe. Ka sa a rubuta maka "khong thit heo" a waya, ma'anarsa ban da naman alade, ka kuma tambaya ko an zuba giya a miya.

Kada ka sa ran masallaci a wannan hanya. Ka ɗauki 'yar darduma da gorar alwala. Alƙibla a Da Nang yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye. Azahar kan shiga kafin 12 ko daidai nan, rana kuma tana faɗuwa da wuri, wajen 5 da kwata a Nuwamba da Disamba. Lang Co ne wuri mafi sauƙin tsayawa.

Me ke cikin kuɗin, me zan biya da kaina?

Farashi ya danganta da yawan mutane, tsawon zango da inda za a ɗauke ka, saboda haka tambayar farko ita ce: kuɗin na mota ne ko na kowane kai? Sannan a rubuta maka ta WhatsApp ko imel ko ya haɗa da mai, kuɗin hanyar ƙarƙashin dutse, tikitoci, abincin rana, ruwan sha, inshora, da ɗan jagora mai jin Turanci, domin direbobi da yawa ba sa ji. A 2024 tikitin Thuy Son dong 40,000 ne (dong shi ne kuɗin ƙasar), lif 15,000 kowace tafiya, Am Phu 20,000. Linh Ung na Son Tra kyauta ne. Ka riƙe ƙananan takardun kuɗi, ka kuma lura takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne, baƙi na yawan musanya su. Na goro ga direba ba wajibi ba ne, amma an saba bayarwa.

A gindin Duwatsun Mabul akwai ƙauyen masassaƙa na Non Nuoc. An daɗe da hana fasa dutse a wurin, daga wasu yankunan ake kawo shi, wasu ƙananan kayan ma garin dutse ne da aka matse da roba. Dutsen gaske yana da nauyi da sanyi a hannu. Ana ciniki, kuma ka tuna da kilon jirginka.

Tsofaffi, yara da masu juna biyu za su iya?

Mai juna biyu da mai ciwon baya su ɗauki mota mai rufi da sanyi, hanyar ɗaya ce, jijjigar ce ta bambanta. Tsohuwar jif ba ta da wurin ɗaura kujerar jariri. Yaron da ya isa zama da bel zai ji daɗi, amma kada a sa shi a gefen da babu ƙofa. Dattijo zai iya Linh Ung na Son Tra da Hai Van ba wahala, a Thuy Son kuma ya tsaya kusa da inda lif ya sauke shi. Mai jiri a mota ya sha maganinsa rabin awa kafin hawa, ya zauna gaba.

Idan ruwa ya sauko ko mota ta lalace a hanya fa?

Yayyafi ba ya hana tafiya, ana ja tamfol a ci gaba, sai dai a bar Van Thong da ƙololuwar Ban Co. Idan hukuma ta yi gargaɗin guguwa ko ta rufe hanya, ba a jayayya. Shi ya sa tun wajen biyan kafin alƙalami za ka sa a rubuta abin da zai faru: a mayar da kuɗi, ko a ɗaga rana. Kada ka sa wannan tafiya a ranarka ta ƙarshe, ko ranar da kake da jirgin dare.

Tsohuwar mota takan yi zafi a kan hawa. Direba zai tsaya ya bar inji ya huce, kada kowa ya matsa kusa idan zai buɗe murfin lagireto. Ka tambayi kamfanin tun farko ko suna da motar da za su turo, da tsawon lokacin da za ta ɗauka. A cikin gari da Duwatsun Mabul manhajar Grab za ta samo maka wata motar nan take, amma a saman Son Tra da Hai Van da wuya, wayar ma takan rasa sabis a wasu kwanoni. Ka adana lambar ofishin kamfanin ban da ta direba, da adireshin masaukinka a rubuce da harshensu. Lambar motar asibiti 115 ce, ta 'yan sanda 113.